Maraɗi, Tibiri da Jiratawa: Daga Ina Arzikin Gobe Zai Fito?

Wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Tibiri shekara talatin da suka wuce, in aka ɗora shi a kanta yau sai ya yi tambaya. A da, da an wuce gidajen ƙarshe na gari sai gonakin hatsi dama da hagu. Yanzu katangu ne ke bin kwalta, da gidajen mai, da masu buga bulo, da filayen da aka kafa wa duwatsun shaida ana jiran ranar da mai su zai samu kuɗin gini. Ta kudu ma haka abin yake, wajen hanyar Ɗan Isa da Madarunfa, inda birnin ke ta miƙe ƙafa zuwa Jiratawa. A takardar hukuma garuruwa uku ne. Maraɗi birni ne mai ƙananan hukumomi uku, Tibiri tana cikin gundumar Gidan Rumji, Jiratawa kuma tana cikin gundumar Madarunfa. A zaman yau da kullum kuwa sun kusa zama gari ɗaya. Ɗan kabu-kabu ya kwana a Tibiri ya wuni yana aiki a Maraɗi, mai zogale ta taso daga Jiratawa da asuba ta riski kasuwa kafin rana ta buɗe.

Ƙidayar jama'a ta nuna saurin abin. A 1977 mutanen birnin Maraɗi kimanin 44,000 ne. A 1988 sun haura 110,000, a 2001 sun kai wajen 148,000, a 2012 kuma 267,000. Jihar Maraɗi baki ɗaya ta wuce mutum miliyan 3.4 a ƙidayar 2012, a ƙasar da a lokacin ke da miliyan 17. Binciken lafiya na wannan shekarar ya nuna cewa a Nijar mace kan haifi 'ya'ya 7.6 a matsakaicin lissafi, kuma jihar Maraɗi tana sama da haka. Saboda haka maganar ko garin zai girma an gama ta, girma kam yana yi kowace safiya. Abin tambaya shi ne me zai ciyar da wannan jama'a, kuma wace sana'a za ta ɗauki yaran da ake haifa yau in sun kai shekara ashirin.

Garuruwan da hijira ta kafa

Maraɗi da Tibiri duka 'ya'yan gudun hijira ne. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi, cikin kurmin gulbi. Gobirawa kuma, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, sun taru a ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi suka zauna a Tibiri, kusa da 'yan uwansu Katsinawa. Har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, na Tibiri kuma Sarkin Gobir. Tun daga tushe idon garuruwan nan kudu yake kallo, kuma iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na ashirin ba ta juya shi ba. Katsina tana nan kimanin kilomita 90, Yamai kuwa sai an ci sama da kilomita 600.

A 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohon gari, aka tashi mutane aka mayar da su kan tudu, aka yanka unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Sunayen tsoffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, 'Yandaka, Limanci da Ɗan Gulbi sun hau tudun tare da mutanensu. Sabon garin ya tashi ne a zamanin gyaɗa. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suna saye, 'yan ƙasa suna shiga ƙauyuka suna tara musu, kuma shekaru da yawa buhunan gyaɗar Maraɗi Kano ake kai su su hau jirgin ƙasa zuwa Legas, kafin Faransa ta karkata hanyar zuwa Kwatano a shekarun 1950. Bayan 'yancin kai aka kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin gyaɗa. A cikin wannan hada-hada ne yaran kanti da dillalai suka koyi ciniki, suka tara jari, suka zama Alhazan Maraɗi da masanin nan Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986.

Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa. Amma kafin nan Alhazai sun riga sun gano wata ƙofa. Yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yanke Arewa daga wasu hanyoyinta, sai Maraɗi ta zama mashiga. Daga nan aka shiga zamanin da ya yi wa garin suna: a sayo kaya daga ƙasashen waje, a sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a hau da su Maraɗi a zuba a mangaza, sannan su tsallaka Nijeriya. Taba, atamfa, shadda, daga baya shinkafa, man girki, gwanjo da motoci. Duk abin da Legas ko Abuja ta hana ko ta tsawwala wa haraji, yana da kasuwa a Maraɗi. Daga can kuma a lokacin man fetur mai rangwame ne ke shigowa, da takin zamani, da siminti, da kayan roba, da hatsi in shekara ta yi wuya.

Ba daidai ba ne a raina wannan arziki. Da shi aka gina masallatai da makarantun islamiyya, da shi aka aurar da marayu, shi ya ɗauki direbobi da 'yan dako da masu gadi da 'yan canji. Amma ya kamata a kira shi da sunansa: arziki ne na abin da ke wucewa. Ribarsa tana fitowa ne daga bambancin doka da bambancin kuɗi tsakanin ɓangarori biyu na iyaka, kuma waɗannan abubuwa biyu ba a Maraɗi ake yanke su ba. Ranar da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, da duk lokacin da naira ta faɗi, lissafin ɗan kasuwar Maraɗi yana canjawa cikin dare ɗaya. In naira ta yi arha, Bakano ba ya iya sayen rago ko buhun wake da farashin sefa, sai kiwo da noma su kwanta a hannun masu su.

Lokacin da aka rufe ƙofa

Shekarun baya-bayan nan sun nuna raunin wannan tsari a fili. A Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. A ƙarshen Mayun 2023 ta cire tallafin man fetur, abin da ya taɓa 'yan ruwa-ruwa da ke sayar da mai a kwalabe a bakin kowane titi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar sai takunkumin ECOWAS ya biyo baya. Aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga can take zuwa, kuma Maraɗi da Damagaram suna sha ne daga layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar Nijeriya a watan Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe, manyan motoci suka koma doguwar hanya ta Lome da Burkina Faso. Tsohuwar hanyar Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Kano, wadda aka gina mangazu a kanta shekara hamsin, ta yanke daga gindi.

Wanda ya zagaya tashar mota a waɗannan watanni ya ga abin da alƙaluma ba sa nunawa. 'Yan dako suna kwance ƙarƙashin tirelolin da ba su motsa ba. Ɗan canji yana zaune da damin naira ɗaure da roba, ba mai saye. Mai walda da tela da mai injin niƙa sun koma aikin dare, suna jiran sa'ar da wuta za ta leƙo. Babban Alhaji yana da abin da zai ci shekara, yana kuma iya mayar da jarinsa Dubai ko Lome. Yaronsa da mai tura masa kura su ne ba su da inda za su mayar da komai.

Ba wanda ke cewa Maraɗi ta bar ciniki da Nijeriya. Wannan ba zai yiwu ba, kuma ba shi da amfani. Kasuwar Dawanau a Kano tana buƙatar waken Nijar, mahautan kudu suna buƙatar dabbobinta, kuma dangantakar jini da aure da malanta da ke tsakanin Maraɗi da Katsina da Jibiya ta girmi kowace takardar duwan. Abin da ya kamata ya canja shi ne irin kayan da Maraɗi ke miƙawa. Garin da ke sayar da abin da ya noma kuma ya sarrafa da hannunsa yana da abin riƙewa ko an rufe ƙofa. A nan ne Jiratawa da Tibiri suka shigo maganar, ba a matsayin ƙauyukan gefe ba.

Jiratawa: inda ake ganin abin da zai yiwu

A farkon shekarun 1980 aka gyara fadamar Jiratawa don noman rani, sama da hekta 500, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA. Ruwan ba daga madatsa yake zuwa ba. Rijiyoyin burtsatse ne da fanfunan lantarki ke jawo shi daga ƙarƙashin kwarin gulbi, ya bi ƙananan hanyoyin siminti zuwa gonaki. Manoma suna cikin ƙungiyoyin haɗin gwiwa, kowa da ɗan yankinsa da bai kai rabin hekta ba, kowa kuma yana biyan kuɗin ruwa. Ana noma masara, tumatir, tattasai, albasa da kabeji, amma abin da ya fi yi wa garin suna shi ne zogale.

Gonar zogale ba ta jiran kaka. Ana shuka shi kusa da kusa, ba a barinsa ya yi tsawo, bayan 'yan makonni a yanke rassan ya sake tofowa. Maza su yanko su ɗaure dami-dami, mata su zauna a inuwa suna tsigar ganye cikin manyan kwanuka, yara suna kwashe karan. Wani a tafi da shi ɗanye kasuwar Maraɗi, wani a dafa a shanya a kan tabarmi, in ya bushe a ɗura a buhu a loda wa motocin Yamai, inda kwaɗon zogale ya zama abincin kowane gida, musamman da azumi. Abin lura shi ne yawan hannayen da kuɗin ke bi kafin ya fita: mai gona, mai yanka, mai tsiga, mai dafawa, mai itace, mai amalanke, mai ɗinkin buhu, dillaliya. Tirelar shinkafar da ta kwana a mangaza ta wuce ba ta taɓa rabin waɗannan mutane.

Sai dai Jiratawa ma a kan igiyar wuta take rataye. In lantarki ya ɗauke, fanfo ya tsaya, tumatir ya ƙone a tsaye. In an biya kuɗin wuta da tsada, kuɗin ruwa ya hau, ƙaramin manomi ya jinginar da yankinsa. Gonakin sun ƙanƙance saboda rabon gado. Gulbin kansa kuma ba kamar da ba. Tun da aka gina madatsar Jibiya a farkon shekarun 1990 ruwan da ke malalowa ya ragu, alhali shi ne ke cika ƙarƙashin ƙasar da rijiyoyin ke zuƙa. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Nijeriya kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, kuma Gulbin Maraɗi yana cikinta. Duk shugaban da ke son ci gaban Maraɗi ya kamata ya riƙe wannan takarda kusa da shi kamar yadda yake riƙe maganar iyaka. Fanfunan hasken rana, da suka fara yawaita a lambunan masu zaman kansu, suna rage dogaro da layin Katsina, amma suna ƙara saurin zuƙar ruwan, don haka dole a san yawan abin da ake ja.

Abin da ya fi ba da takaici shi ne asarar bayan girbi. Lokacin da tumatir ya yi yawa kwando yakan faɗi har ya kasa biyan kuɗin ɗaukarsa, bayan wata uku kuma a cika shaguna da tumatirin gwangwani na ƙasashen waje. Jihar Maraɗi ita ce cibiyar noman aya a Nijar, tana da riɗi, tana da wake, gyaɗa ma ta farfaɗo gwargwado. Kusan duka suna fita ne a buhu kamar yadda suka fito daga gona. Wanda ke sarrafawa a yau yawanci mace ce a tsakar gida: ta soya gyaɗa, ta kai inji, ta murza da ruwan zafi har mai ya fito, ta toya ƙuli-ƙuli da tunkuzar. Dubban irin wannan mace su ne masana'antar Maraɗi ta gaskiya, ba sa cikin rajistar kowa, ba banki ɗaya da ya san sunansu. A ganina ɗan injin matse mai, da wuta tsayayya, da bashin da bai wuce ƙarfinsu ba, za su ɗauki mutane aiki fiye da babbar masana'anta guda da za a yanke wa ƙyalle a bar ta ta yi tsatsa. Garin Maraɗi ya riga ya ga irin waɗannan. Ya taɓa yin matsar man gyaɗa tun zamanin Turawa, ya yi majemar fatu ta zamani, kuma kayan Nijeriya masu arha da ƙarancin albarkatu sun sha durƙusar da su.

Tibiri da maganar ƙasa

Tibiri tana da abin da Maraɗi ta fara rasawa, wato fili. Shi ya sa ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa da suka kasa sayen fegi a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Tsoho suke kallon can. Wannan alheri ne ga Tibiri in an tsara shi, masifa ne in an bar shi. Manomin da ya sayar da gonar gadonsa ya sayi babur, bayan shekara biyu babur ya mutu, ba gona ba sana'a. Fadamar gulbi da ke ciyar da garuruwan uku ita ce ya kamata a haramta wa bulo baki ɗaya, a tura gini kan tudu, kamar yadda aka yi a 1945 bayan an sha wuya. Ruwan ƙarshen Agustan 2024, wanda ya kashe mutum 15 a cikin birnin Maraɗi, ya tuna wa kowa cewa unguwar da aka yanka ba magudana ba ta gama zama unguwa ba.

Yankin yana da wata dukiyar da duniya ta sani tun da daɗewa, jar akuyar Maraɗi, wadda ake neman fatarta a kasuwannin ƙasashen waje. Fatun suna tafiya Kano ɗanye. Akwai kuma darasin da manoman jihar suka koya wa duniya: tun daga shekarun 1980, lokacin da masanin noma Tony Rinaudo yake aiki a nan, suka koma barin kututturan da ke tofowa a gona suna yi musu sassabe maimakon tumɓuke su, har gawo da sauran itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta tsakanin Maraɗi da Damagaram. Mutanen da suka yi wannan da gatari da wuƙa ba za a ce ba su karɓar sabon abu ba. Cibiyar binciken noma ta INRAN tana nan a Tarna, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da sashen aikin gona, ga jami'ar Maryam Abacha da ke jawo ɗalibai daga Nijeriya suna kama hayar ɗaki suna cin abinci a gari. Abin da ya rage shi ne ɗalibin da ya karanci sarrafa abinci ya san hanyar Jiratawa kafin ya san hanyar neman aiki a Yamai.

Jirgin da ake jira

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil, kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. An ɗaga lokacin kammalawa, kuma dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami a tsakani, amma aikin bai mutu ba. Ga garin da kakanninsa suka yi ta kai gyaɗa Kano don ta hau jirgi, wannan babban abu ne. Zai sauƙaƙa kuɗin dakon wake da dabbobi da albasa, zai kuma buɗe hanya zuwa tashar ruwan Legas.

Amma jirgi gaba da baya yake tafiya. Taragon da zai kai aya Kano shi ne zai dawo da taliya, da sabulu, da man gyaɗar da aka matse a masana'antun Sharaɗa da Bompai da ke can, a farashin da ƙaramin mai sana'a na Maraɗi ba zai iya ja da shi ba. In ya tarar da garin ba wuta, ba rumbunan sanyi, ba wurin tankaɗe riɗi da tsince aya a zuba a buhu mai suna, to Maraɗi za ta zama tashar lodi kawai, ribar sarrafawa ta tafi inda injina suke. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Shirin tarbar jirgi yanzu ne lokacinsa, tun ba a ji kukansa ba.

Akwai abubuwa biyu da za su iya rusa duk wannan lissafi. Na farko tsaro. Tun 2019 dubban mutane daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka tsallako gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa suna gudun 'yan bindiga, kuma satar shanu da garkuwa da mutane sun taɓa ƙauyukan wannan ɓangaren ma. Manomin da ke tsoron kwana a gona birni yake nufa, ya ƙara yawan masu neman abin da babu. Na biyu makaranta. A Nuwamban 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a cikin birnin Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu. Garin da ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa bai kamata 'ya'yansa su yi karatu a ƙarƙashin kara ba, kuma masu hannu da shuni na garin sun san haka.

Bikin Maraɗi Kwalliya na 18 ga Disamban 2015 ya kawo tituna da fitilu da gine-gine, kuma an ji daɗinsu. Sai dai kusan duk aikin a cikin iyakar birnin ya tsaya. Har yanzu shugaban hukumar garin Maraɗi da na Tibiri da na Jiratawa kowa filayensa yake yankawa, kowa harajin kasuwarsa yake karɓa, alhali ruwan sha ɗaya suke ja, kwari ɗaya ke kwashe musu ambaliya, sharar wannan a gonar wancan take sauka. Abin da ake buƙata bai wuce taswira guda da hukumomin uku da masarautun Katsina da Gobir za su sa wa hannu ba: ga fadamar da ba a gini, ga hanyar ruwa, ga inda kasuwar dabbobi da majema za su zauna, ga filin da aka keɓe wa masu sarrafa amfanin gona kusa da tashar jirgi, da layin wutarsa na musamman. Kowace damina da ta wuce ba a yi wannan ba, ana ƙara kafa duwatsun shaida a wuraren da ya kamata a bari, kuma fitar da mutum daga gidan da ya riga ya gina ya fi hana shi ginin tsada nesa ba kusa ba.